Tsakanin Dajin Doka da Kurmin Rafi: Wane Daji Zariya Ta Rasa?

Kowace damina hukumomi da ƙungiyoyi kan fito dashen itatuwa a Samaru da Sabon Gari, kuma ma'aunin nasararsu ɗaya ne: yawan tsiron da aka sa a ƙasa. Ƙarƙashin wannan lissafi akwai zaton da ba a cika furtawa ba, wai ƙasar Zazzau a da rufaffen kurmi ce irin na Kuros Riba, gatari da wuta suka tsiraita ta, saboda haka duk bishiyar da aka dasa, kowace iri ce, a ko'ina ne, gyara ce. Da wannan zato maƙalar nan take jayayya.

Zaton ya tsufa. A 1935 masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tunkaro Arewacin Nijeriya. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ya zaga yankin a 1936 zuwa 1937 bai ga abin da ya gaskata shi ba, amma maganar ta riga ta zauna. A 1949 Bafaranshe André Aubréville ya ƙara mata ƙarfi, yana ganin yawancin dajin ciyawa na Afirka ta Yamma ragowar kurmi ne da mutane suka lalata. Sai a 1996 James Fairhead da Melissa Leach suka nuna cewa tsibiran kurmin da ke kewaye da ƙauyukan Kissidougou a ƙasar Gini, waɗanda aka daɗe ana ɗauka ragowa ne, mazauna ƙauyukan ne suka raine su.

Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, sannan wata shida na rani da hunturu. A rabe-raben R. W. J. Keay na tsirran Nijeriya, nan ne yankin da doka ke sarauta, tare da kaɗanya, ɗorawa, maje, taura da baushe, gamba kuma ta cika tsakaninsu. Tsarin rayuwar wannan daji ya sha bamban da na kurmin kudu. A kurmi rassa sun haɗe sun tare rana, ciyawa ba ta samun haske, ganyen da ya faɗo yana ruɓewa da sauri saiwoyi su sake zuƙe shi, ɓawon itatuwa kuma siriri ne, wuta kaɗan ta isa ta kashe su. Itacen dajin doka kuwa da wuta ya saba. Ɓawonsa kauri gare shi, kuma rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa take. A sare doka, a ƙone kututturen, sai ta tofo daga saiwa, wani lokaci taku da yawa daga inda uwar ta tsaya. Wanda ya ratsa daji a ƙarshen rani ya ga jajayen sababbin ganyenta tun ba a yi yayyafin fari ba, ya ga aikin ajiyar da ke cikin saiwar nan.

Binciken da Carla Staver da abokan aikinta suka buga a 2011 ya nuna cewa inda ruwan sama yake tsaka-tsaki, daga milimita 1,000 zuwa 2,500, fili ɗaya na iya zama kurmi ko dajin ciyawa, kuma wuta ce ke raba gardama. Zariya a bakin wannan iyaka take, ta ɓangaren ƙarancin ruwa. Ke nan kurmi na gaske ba ya iya kafuwa a tudu. Wurinsa bakin rafi ne, inda damshi ke kai wa rani. A nan ake samun malmo, ɗinya, kanya, maɗaci, giyayya da tukurwa, cikin siririn layi mai bin ruwa. Wannan layin shi ne rabonmu na kurmin ƙasashe masu zafi, kuma shi aka fi zalunta.

Ba manomi kaɗai ke da laifi ba. A shirin Anchau na shekarun 1930 da 1940, gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka sassabe itatuwan bakin rafuka a gabashin ƙasar Zazzau don hana ƙudan tsando mafaka, aka kuma kafa garin Takalafiya. Ba zan zargi masu shirin ba. Ciwon barci yana cin rayuka, kuma sassaben ya yi magani. Sai dai ya bar darasin cewa duhuwar bakin ruwa abar kawarwa ce. Abin da ya saura, noman rani da ɗiban yashi da gine-gine suna ƙarasa shi. A bi Kubanni daga bayan Jami'ar Ahmadu Bello har inda ta faɗa Galma, a ga yadda lambunan tumatir da kayan miya suka kai har leɓen ruwa. Gaɓar da ba saiwa a cikinta zaftarewa take yi, kuma daga can saman rafin, laka da yashin suna tafiya ne cikin madatsar da jami'ar ke sha daga gare ta.

To, me ake dasawa a madadin? Galibi turare da dogon yaro da malaina. Tashar binciken gandun daji ta Samaru ta yi gwaje-gwaje masu yawa kan turare tun shekarun 1960, a wurare irin su Afaka, kuma ba a banza ba: yana girma da sauri, yana ba da sandunan gini, yana rage wa daji nauyi. Duk wanda ya leƙa 'yan katako a Sabon Gari, ko ya ƙirga buhunan gawayin da ke shigowa gari kullum, ya san buƙatar itace ba ta jiran wa'azi. Gonar turare a tudun da aka ware mata abu ne mai hankali. Amma gona ce, kamar ta masara. Ƙarƙashinta tsiro kaɗan ne ke rayuwa, ba ta ba da kalwa ko man kaɗe, kuma idan aka jera ta a bakin fadama tana zuƙar ruwa a lokacin da aka fi ƙishinsa. Rubuta ta a rahoto da sunan farfaɗo da daji ruɗin kai ne.

Akwai hanyar da ta dace da halin dajin doka, kuma Hausawa ne suka gwada ta. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓar masu ƙarfi suna sassabe sauran, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa hakan ya maido da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, a ƙasar da ruwanta bai kai na Zariya ba. Abin da ya sa manomi ya yarda shi ne tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba.

Saboda haka aikin da ke gaban ƙaramar hukumar Sabon Gari, da masarautar Zazzau, da masana na Samaru ba na ƙara yawan tsiro ba ne. A shata wani faɗi a gaɓar Kubanni da Galma da garma ba za ta shiga ba, a biya masu lambun da abin ya shafa, a maido da malmo da ɗinya da maɗaci a wurin. A tudu kuma a bar kututturen doka da kaɗanya su tofo, a ba manomi ikon mallakarsu a rubuce. Masu ba da kuɗin dashe kuma su daina karɓar rahoton ranar biki. Su koma wurin bayan rani uku su ƙirga abin da ke tsaye.