Yadda Aka Zuga Burutus Ya Soki Wanda Ya Yafe Masa

Duk lokacin da aka shiga cece-kuce kan yaron siyasa da ya juya wa ubangidansa baya, Burutus nake tunawa.

Ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu 'yan majalisar dattawan Roma suka yi wa Juliyas Siza taron dangi, suka daɓa masa wuƙa sau 23. Hujjarsu ita ce sarauta yake nema, tunda an riga an ba shi mulki na sai mutuwa. Shakespeare ya ɗauko labarin daga rubutun Plutarch, ya mai da shi wasan kwaikwayo wajen 1599.

Ni abin da ya fi tsaya min a wasan shi ne zugar. Kasiyus hassada ke cin sa, amma ya san in shi ya shige gaba za a ce son zuciya ne. Yana buƙatar mai mutuncin da za a fake a bayansa. Sai ya dinga bin Burutus yana fasa masa kai, yana tuna masa kakansa da ya kori sarkin Roma na ƙarshe. Har wasiƙun bogi ya sa aka jefa masa ta taga, wai talakawa ne ke roƙonsa ya cece su. Burutus ɗin nan fa ya yaƙi Siza a ɓangaren Pompey a shekara ta 48, Siza ya yafe masa, har ya ba shi gwamna.

Bayan kisan, Kasiyus ya ce kada a bar Mak Antoni ya yi jawabi wajen jana'iza. Burutus ya ƙi ji. Ya yi nasa bayanin, jama'a suka yi masa jinjina, ya tafi abinsa. Antoni ya hau, yana yabon makasan a baki yana tsire su, ya ɗaga rigar mamacin da jini, sannan ya fito da wasiyya: kowane Barome dirhami 75. Shi ke nan, gari ya kama da wuta. Har wani mawaƙi Sinna aka kashe, don kawai sunansu ɗaya da wani cikin makasan. Shi kuma Antoni, ƙura na lafawa ya fara lissafin yadda za a zaftare kuɗin wasiyyar.

A shekara ta 42 aka ci Burutus da Kasiyus da yaƙi a Filibi, kowannensu ya zaɓi mutuwa da a kama shi. A ta 27, magajin Siza, Oktabiyan, ya zama Ogustus, mulkin Roma ya koma hannun mutum ɗaya.