Bututun numfashin aksul: Yadda ake ɗaga shi don kare mota daga ruwan damina

A jikin aksul ɗin kowace mota mai ja da tayoyin baya ko da tayoyi huɗu, akwai wata 'yar ƙaramar kafa mai hular ƙarfe da ba ta wuce kan yatsa ba. Ta nan iska ke shiga da fita cikin kwanon haƙoran da ke raba ƙarfin injin tsakanin tayar dama da ta hagu. Wannan kafa ce ake kira bututun numfashi, kuma sau da yawa ita ce hanyar da ruwa ke bi ya lalata aksul.

Lamarin ya shafi masu motoci a Kano musamman daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma ya fi tsananta a Agusta. A cikin birni, yawancin tsofaffin kududdufai da ke ɗaukar ruwan sama an cike su an yi gini a kai, don haka ruwa kan kwanta a kan tituna, musamman a kwarin Jakara. Fatake da ma'aikatan da ke fita ƙauyuka da motoci irin su Hilux da Land Cruiser kuma kan tsallake rafuka a yankunan kogunan Challawa da Haɗeja.

Yadda ruwa ke shiga

Idan mota ta yi tafiya mai nisa, man giya da iskar da ke cikin aksul kan yi zafi, iskar ta kumbura, ta fita ta bututun. Da zarar aksul mai zafi ya nutse cikin ruwa mai sanyi, iskar ciki sai ta tsuke nan take, aksul ɗin ya shiga zuƙo duk abin da ke kewaye da shi. Idan bakin bututun yana ƙarƙashin ruwa, ruwa zai zuƙa. Idan kuwa ƙurar hunturu da laka sun toshe shi, ruwan kan sulale ta robobin da ke tare mai a gefen tayoyi.

Ruwan da ya gauraya da man giya kan mai da shi fari-fari kamar shayi da madara. Irin wannan mai ba ya iya hana ƙarfe cin ƙarfe. Boris kan yi tsatsa, haƙora su zaizaye, bayan wasu makonni a fara jin ƙugi daga bayan mota. A lokacin gyara ya zama na sayen kaya masu tsada.

Yadda ake aikin

Manufar aikin ita ce mai da bakin bututun zuwa wuri mai tsayi da ruwa ba ya kaiwa. Ana buƙatar tiyo mai jure mai da zafi, galibi mai faɗin milimita 6 ko 8, da mahaɗi mai zare daidai da ramin aksul, da maɗaurai, da ƙaramar matatar iska. Irin waɗannan kaya ana neman su wajen masu sayar da kayan gyaran mota, kamar na kasuwar Ƙofar Ruwa.

Da farko bakanike zai wanke kewayen bututun don kada datti ya faɗa ciki, sannan ya kwance shi ya ɗaura mahaɗin. Wajibi ne zaren ya dace, domin tilasta wanda bai dace ba kan ɓata ramin. Daga nan sai a ja tiyon ta jikin shasi zuwa cikin bonet, a ɗaure shi can sama, a sa matatar a bakinsa yana kallon ƙasa.

Abubuwa uku ne ke ɓata aikin. Na farko, ja wa tiyo wuya: aksul yana hawa da sauka a kan gargada, saboda haka dole a bar rara, in ba haka ba ya tsinke. Na biyu, bari tiyo ya taɓa salansa ko wani abu mai juyawa. Na uku, lanƙwasa shi har ya toshe, wanda kan sa matsin iska ya turo mai waje ta robobi. A mota mai ja da tayoyi huɗu, a duba aksul na gaba, da giyabos, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, domin kowannensu yana da nasa bututun.

Iyakar amfaninsa

Ɗaga bututun ba ya kare injin. Idan ruwa ya shiga ta wurin shaƙar iskar injin, yana iya lanƙwasa ƙarafunan cikinsa nan take. Kamfanin Toyota ya ƙayyade zurfin santimita 70 ga Hilux samfurin 2015 zuwa sama, kuma ƙananan motoci ba sa kaiwa kusa da hakan. Ruwa mai gudu ya fi haɗari: hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa zurfin santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota, santimita 60 kuma da babba.

Duk wanda ya ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya kamata ya sa a kwance noti na zuba mai a duba launinsa. Idan ya yi fari, a tsiyaye shi gaba ɗaya, a zuba sabon man da littafin motar ya ambata. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai.