Tantance Acacia colei a Ƙasar Maradi: Ganye, Kwanso da Rikicin Suna

Tsakure

Maƙalar ta duba siffofin Acacia colei, ƙaramin icen Ostareliya da aka daɗe ana shukawa a yankin Maradi na Jamhuriyar Nijar da sunan ɗan'uwansa Acacia holosericea. An kwatanta bayanan da masana rabe-raben tsirrai suka wallafa da alamomin da Bahaushe ya saba gane itatuwan ƙaya da su. An nuna cewa ba a dogara da kwanso shi kaɗai wajen raba jinsunan biyu, sai an haɗa da bakin ganye.

Gabatarwa

Manomin ƙasar Hausa ba ya neman littafi kafin ya gane dangin bagaruwa. Ƙaya yake dubawa. Ta bagaruwa biyu-biyu take, fara, miƙaƙƙiya, furenta rawaya ne dunƙulalle, kwansonta kuma shi majema ke jima da shi. Ta dakwara uku-uku ce, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, na gefe suna duban sama. Sarƙaƙiya kuwa ƙayarta barbaje take a jikin reshe, kuma duk wanda ta taɓa kama wa riga ba ya sake tambayar sunanta. Wannan ilimi ya wadatar har zuwa shekarun 1970, lokacin da aka fara shigo da irin itatuwan Ostareliya yankin Sahel domin tare iska da samun makamashi. Baƙin ba su da ƙaya ko ɗaya, ganyensu kuma bai yi kama da na bagaruwa ba.

A tsakiyar Afirka mai yawan ruwa, kamar kewayen Libreville ta Gabon inda ruwan shekara ke kusantar milimita 3,000, manyan danginsu irin su Acacia mangium ne suka dace da yanayin. Maradi da ƙyar take samun milimita 500, don haka gajerun ne suka zauna a can.

Sunan da ya bar gida

Philip Miller ne ya kafa sunan Acacia a 1754, kuma bagaruwa ce aka ɗauka daga baya a matsayin ma'aunin zuriyar. Da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa zuriyar ba tsatso ɗaya ba ce, taron masana tsirrai na duniya a Vienna a 2005 ya bar wa na Ostareliya sunan, taron Melbourne na 2011 ya tabbatar. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara ta koma Senegalia senegal. Masana da dama a Afirka ba su ji daɗin hukuncin ba, kuma suna da hujja. Amma ga mai aikin tantancewa, rabuwar ta yi amfani: a yau idan aka ce Acacia a Maradi, baƙon ake nufi.

Siffofin icen

Acacia colei kan tashi mita 2 zuwa 4, da rassa masu yawa tun daga gindi. Asalinsa arewacin Ostareliya, daga Pilbara da Kimberley zuwa yammacin Queensland. Abin da ake gani kamar ganye a jikinsa ba ganye ba ne na ainihi. Sandar ganye ce ta baje ta yi faɗi, ta karɓi aikin ganye. A nan za mu kira shi ganyen aro. Wanda ya taɓa rainon irin a gandun dashe ya ga shaidar haka da idonsa. Tsiron kan fara fitar da 'yan ganye tsaga-tsaga sak na bagaruwa, sai na gaba su fito da sanda mai ɗan faɗi ɗauke da ragowar ƙananan ganye a kanta, daga nan kuma sai falle guda mai kauri, tsawonsa kamar tafin hannu. Jijiyoyi manya, galibi uku, suna bin tsawonsa. Gashi mai laushi ya lulluɓe shi, rawaya-rawaya a sabon toho, ya koma kalar azurfa in ya manyanta, shi ya sa icen ke yin fari-fari daga nesa. Furen zangarniya ce rawaya da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ƙwayar baƙa ce mai sheƙi, da ɗan nama rawaya a gindinta, ɓawonta kuma da tauri har sai an zuba mata tafasasshen ruwa kafin ta tsira da wuri.

Inda aka rabu da holosericea

Sunan Acacia holosericea ya fito tun 1832 a hannun George Don, kuma da shi aka raba iri zuwa Afirka ta Yamma. Sai a 1992 Bruce Maslin da Lex Thomson suka nuna a mujallar Australian Systematic Botany cewa jinsuna uku ne ke fake a ƙarƙashin suna ɗaya. Lissafin kuromosom ya raba gardama: neurocarpa 26, holosericea 52, sabon jinsin da suka raɗa wa colei 78. Ashe yawancin abin da aka shuka a Sahel colei ne.

Babu mai ƙirga kuromosom a gona, don haka alamomi biyu suka rage. Ta farko kwanso. Na holosericea kan murɗe sosai ya cukurkuɗe, na colei kuwa lanƙwasa kawai yake yi kamar lauje. Ta biyu tana bakin ganyen aro: a holosericea akwai ɗan ƙullutu a gindin tsinin ganyen, a colei babu. Ƙanƙani ne ƙwarai, yana son gilashin ƙara girma da haske mai kyau.

Ma'aikatan daji sun fi karkata ga kwanso saboda ana ganinsa daga tsaye. Nan ne kuskure ke shigowa. A 1997 McDonald da Maslin sun bayyana wani reshe na colei mai suna ileocarpa, wanda kwansonsa ke murɗewa kamar na holosericea. Wato lanƙwasasshen kwanso na nuna colei, amma murɗaɗɗe bai tabbatar da komai ba. A ganin wannan maƙala, ƙullutun bakin ganye ne ya kamata ya zama alamar farko, kwanso ya biyo baya. Ƙari a kan haka, ganye na nan duk shekara, kwanso kuwa sai da rani.

Me ya sa ake damuwa

Da itacen girki kawai ake nema, da ruɗanin bai dami kowa ba. Amma 'yan asalin Ostareliya sun daɗe suna cin ƙwayar, kuma a shekarun 1990 shirin raya karkara na ƙungiyar SIM a Maradi, inda Tony Rinaudo ya yi aiki, ya haɗa kai da cibiyar bincike ta CSIRO da Steve Adewusi na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife domin gwada ta a matsayin abinci. An sami furotin sama da kashi 20 cikin ɗari, an kuma sami sinadarin jenkolik da ke hana a ci ta zalla. Shawarar da aka tsayar ita ce kada garinta ya wuce kashi 25 cikin ɗari idan an gauraya da na gero ko dawa. Gwajin a kan colei aka yi shi, kuma ba daidai ba ne a ɗora sakamakonsa a kan wani jinsi don kawai sun yi kama.

Saboda haka duk samfurin da za a busar a kai ma'adanar tsirrai daga Maradi ko Katsina ya zo da reshe mai manyan ganyen aro waɗanda tsininsu bai karye ba, da nunannen kwanso daga ice ɗaya, da rubutun inda aka samo irin tun farko. Tsinin ne ke fara karyewa a matsi, don haka a duba shi a rubuta tun reshen yana ɗanye.