Labarin Boɗinga, Zango Tsakanin Sakkwato da Gwandu

Matafiyin da ya fito Sakkwato ya nufi Jega, sai ya ratsa Boɗinga, sa'an nan Shagari, sa'an nan Tambuwal. Boɗinga ba babban birni ba ne, amma akwai zamanin da al'amarin mulkin ƙasa duka ya rataya a wannan yanki.

Bayan an ci Alƙalawa cikin 1808, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato cikin 1809. Shehu Usmanu kuwa ya taso daga Gwandu ya sauka Sifawa wajen 1810. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, kusa da shi. Nan almajirai suka yi ta taruwa, ana karatu, ana wallafa littattafai, ana yanke shari'a. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa biyu, ya danƙa yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Cikin 1815 ya koma Sakkwato, can ya rasu cikin 1817.

Sa'ad da labarin rasuwa ya iske Abdullahi a Boɗinga, ya hau ya nufi Sakkwato. Masu tarihi sun ce ya tarad da an rufe ƙofa, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ga shi ƙanen Shehu ne, wazirinsa ne, babban malami ne kuma. Da ya ja daga, da jama'a ta rabu biyu, ga maƙiya kuwa ta kowace fuska. Sai ya juya, daga bisani ya koma Gwandu da zama. Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina suka tayar masa, Bello ya kai masa gudummawa, aka ci garin. Nan Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, zumunci ya koma yadda yake.

Tun daga nan hanyar Boɗinga ta zama igiyar da ta ɗaure gidajen nan biyu, manzanni da fatake suna kai da kawowa. A kan hanyar nan kuma, a Shagari, aka haifi Alhaji Shehu Shagari cikin 1925, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Ma'aikacin da rangadi ya biyo da shi Boɗinga ya kamata ya tuna, daga garin nan mai girma ya fita neman haƙƙin da yake gani nasa ne, ya komo hannu wofi, bai zare takobi ba. Haƙurinsa na ran nan shi ya tsare ƙasar. Allah ya jiƙan magabata, amin.