Kiristanci da Addinin Kakanni a Tsakanin Mutanen Papuwa

Ta bakin teku Kiristanci ya shiga ƙasar Papuwa. Ranar 5 ga Fabrairu, 1855, wasu Jamusawa biyu 'yan mishan, Carl Ottow da Johann Geissler, suka sauka a tsibirin Mansinam da ke kusa da Manokwari, a yammacin Niyu Gini, yankin da yanzu yake hannun Indunusiya. Har yau ana bikin wannan rana duk shekara. A gabashi kuwa, inda ƙasar Papuwa Niyu Gini ta samu 'yanci a 1975, wa'azi ya kankama ne a shekarun 1870, kuma da yawa daga masu wa'azin farko mutanen tsibiran Fasifik ne, irin su Samowa da Rarotonga. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen wannan ƙasa Kiristoci ne.

Sai dai wannan adadi bai faɗi yadda aka karɓi addinin ba. Mutanen Papuwa sun saurari Linjila ne da tambayoyin da kakanninsu suka bar musu, kuma inda ta yi saurin yaɗuwa, can ne suka ji kamar tana amsa waɗannan tambayoyi. Addinin gargajiya bai taɓa zama iri ɗaya ba, domin a Papuwa Niyu Gini kaɗai akwai harsuna fiye da 800. Duk da haka wasu abubuwa sun game yawancin ƙabilu: matattu ba su yi nisa da rayayyu ba, daji da kogi suna da iskokinsu, ciwo da mutuwa kuma ba sa zuwa haka kawai, sai da sanadin wani.

Tsibirin Biak ya fi ko'ina nuna yadda aka saurari Linjila da tambayoyin kakanni. Mutanensa suna da labarin wani tsoho mai ciwon fata, Manarmakeri, wanda ya kama Gamzaki yana satar masa bammi, ya karɓi asirin rayuwa a wurinsa, ya shiga wuta ya fito da sabuwar fata. Da jama'arsa suka ƙi shi sai ya tafi yamma, da alkawarin zai dawo da Koreri, wato zamanin da babu yunwa, babu mutuwa. A ƙarshen shekarun 1930 wata mata, Angganita Manufandu, ta tara dubban mabiya a kan wannan alkawari. A wurinsu Manarmakeri shi ne Yesu, har suna zargin Turawa da yage shafin Baibul da ya faɗi haka. Sojojin Japan sun murƙushe tafiyar da kashe-kashe a 1943. Wannan zargi abin lura ne ƙwarai, don masu yin sa ba su ƙi littafin ba, cewa suka yi nasu ne tun asali.

A tsaunuka ma haka abin ya kasance. 'Yan mishan sun isa kwarin Baliem a 1954. Ƙabilar Dani da ke can tana da labarin tseren maciji da tsuntsu: tsuntsu ya ci, shi ya sa mutum yake mutuwa maimakon ya sake fata irin ta maciji. Da aka yi musu wa'azin rai madawwami, da yawa suka ɗauka abin da kakanni suka rasa ne ya dawo. A 1960 dangi-dangi suka riƙa tara kayan tsafi da makamai suna cinna musu wuta a bainar jama'a, bayan manya sun yi shawara sun yarda. Shawarar dangi ce, kamar yadda aka saba yi kafin yaƙi ko sulhu.

Coci-coci ba su bi hanya ɗaya ba wajen mu'amala da al'ada. A yankin Asmat limaman Katolika sun ƙarfafa sassaƙa, har suka buɗe gidan tarihi a Agats a 1973. Dafa alade da dankali a rami da duwatsu masu zafi, wanda a da ake yi don sulhu da biki, yanzu ana yin sa ranar Kirsimeti da ranar buɗe sabon coci. Wasu ɗariƙun kuwa suna kallon kayan kakanni a matsayin aikin Shaiɗan. A 2013 kakakin majalisar Papuwa Niyu Gini, Theo Zurenuoc, ya sa aka cire wasu sassaƙe-sassaƙe daga ginin majalisa, kuma shugabannin Katolika suna cikin waɗanda suka soki matakin.

Inda haɗuwar Kiristanci da addinin kakanni ta fi muni shi ne zargin maita, wanda a can ake kira sanguma. Wa'azin da ke yawan ambaton aljanu yakan ƙara wa tsohon tsoro ƙarfi, kuma mata marasa gata ne suka fi shan azaba. A Fabrairun 2013 an ƙone wata matashiya da ranta a garin Mount Hagen bisa wannan zargi, kuma a shekarar majalisa ta soke dokar maita ta 1971. Kashe-kashen ba su tsaya ba. A ƙauyukan tsaunuka, inda hukuma ba ta cika kaiwa ba, limamai da matan zumunta na coci suna cikin masu ɓoye waɗanda ake zargi da kai su asibiti.