Mutumin da ya yi wa layin asibiti lissafi

Yau zan kai ku Ingila ta shekarar 1952. A lokacin, asibitoci da yawa sukan tara marasa lafiya lokaci guda, don kada likita ya zauna ba aiki. Mutum sai ya gaji da zaman benci. Sai masanin lissafi Norman Bailey ya auna abin, ya ce a fara da mutum biyu, sauran a ba kowa lokacinsa, tazarar daidai da mintunan da likita ya saba ɗauka kan mutum ɗaya. Lissafinsa ya nuna jira zai ragu sosai, likita kuma ba zai yi asarar kirki ba. Ni abin da ya burge ni, ya sa lokacin marar lafiya ma cikin lissafi. Ku fa, yaya ake yi a asibitinku?