Daga Allo Zuwa Wayar Salula: Karatu A Ƙasar Gobir

Mai karatu, duk sanda na ji ana yabon manhajojin karatu na kyauta da ke intanet, sai in tuna cewa a ƙasarmu ta Gobir ilimi bai taɓa tafiya ba sai hanya na da lafiya. Tun zamanin Alƙalawa, kafin faɗuwarta a 1808, almajiri kan rataya allonsa ya bi malami gari-gari. Boko ya zo da alli da baƙin allo, shirin UPE na 1976 kuma ya kai firamare ƙauyuka.

Wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, Google kuma ya sa Hausa cikin fassararsa a 2013. Da waya guda malamin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje zai nuna wa yara kimiyya a bidiyo, ya buɗe musu taswirar gulbin Rima, ya yi musu lissafi.

To amma a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Ranar nan kyautar ta yanke. Ko da gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport a 2022, yaran ƙauyuka da dama suna gudun hijira.

Shi ya sa nake cewa a fara ba mu tsaro da caji da sabis, malamanmu sun san sauran. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.